Giselle: Ƙissar Yarinyar da Aka Yaudara, daga Faris zuwa Soweto

A ranar 28 ga watan Yuni na shekarar 1841, zamanin da Sarkin Musulmi Abubakar Atiku yake bisa gadon mulki a Sakkwato, ganuwa tana kewaye da birni, Ƙofar Marke kuwa ƙofa ce ta haƙiƙa wadda fatake ke shige da fice ta cikinta, mutanen Faris suka taru a babban gidan wasan birninsu domin kallon wani sabon wasa mai suna Giselle. Irin wannan wasa shi Turawa ke kira bale, wato labari ne da ake bayarwa da rawa zalla, ba a furta ko kalma ɗaya, mata suna tafiya bisa tsinin yatsun ƙafarsu. Adolphe Adam ya tsara kiɗan, Théophile Gautier ya tsinto asalin ƙissar daga rubutun Bajamushen nan Heinrich Heine, wata Ba'italiya, Carlotta Grisi, ta fito a matsayin yarinyar.

Ƙissar ba za ta zama baƙuwa ga wanda ya taso yana jin tatsuniya ba. Wani ɗan sarauta, Albrecht, ya ɓoye takobinsa, ya sa tufafin talakawa, ya shiga ƙauye yana neman wata budurwa, Giselle, mai son rawa, mai raunin zuciya, alhali kuwa an riga an yi masa baiko da 'yar wani basarake. Mafaraucin ƙauyen, Hilarion, wanda shi ma yake sonta, ya tono takobin ya nuna wa jama'a, nan take hankalin yarinyar ya gushe, ta faɗi matacciya. A kashi na biyu sai ga fatalwoyin 'yan matan da suka mutu kafin aurensu, sanye da fararen kaya, ƙarƙashin sarauniyarsu Myrtha, suna kama duk namijin da dare ya riska a daji su sa shi rawa har ransa ya fita. Suka halaka mafaraucin. Amma da suka juyo kan ɗan sarautar, sai Giselle ta tsaya tsakaninsu da shi har alfijir ya keto, ya tsira.

A nan ne, a ganina, aibin ƙissar yake, ko da yake Turawa sun shekara fiye da ɗari suna ɗaukarsa shi ne kyanta. Malamanmu sun karantar da mu cewa afuwa haƙƙin wanda aka zalunta ce, in ya so ya yi, in ya so ya bari, tuba kuwa ba ta cika sai an mayar wa mai haƙƙi haƙƙinsa. To, Albrecht me ya mayar? Furanni ya kai kabari, ya zub da hawaye, gari ya waye ya koma fada. Afuwar da masu mulki suka saba rubuta wa talaka ke nan, su sa masa a baki.

Da zamani ya juya, waɗanda ake ba da labarinsu suka fara karɓar alƙalamin. A 1984 ƙungiyar rawa ta Harlem, wadda Arthur Mitchell ya kafa, ta mai da ƙissar jihar Luwiziyana ta Amurka, cikin baƙaƙen da suka fita daga ƙangin bauta, amma ta bar rawar yadda ta gada. A 2016 Akram Khan, haifaffen Landan ɗan asalin Bangaladash, ya mai da Giselle ma'aikaciyar masaƙa 'yar ci-rani wadda aka tsare da mutanenta a bayan wata ƙatuwar katanga, fatalwoyinsa kuwa sandunan gora suke riƙe da su.

Wadda ta fi kowa ƙarfin hali ita ce Dada Masilo, 'yar Soweto ta Afirka ta Kudu, wadda aka haifa a 1985, ta koyi rawa a Johannasbag da Burasal. A 2017 ta fito da tata Giselle, ita da kanta a matsayin yarinyar, kanta a aske, ƙafa ba takalmi, ta gauraya bale da rawar mutanen Tswana mai dukan ƙasa da diddige. Ta cire wa fatalwoyin fararen kaya ta sa musu jajaye, ta haɗa maza da mata a cikinsu, domin yaudara ba ta zaɓen jinsi. Sarauniyarsu ta zama bokanya, irin wadda suke kira sangoma, tana kaɗa izga a hannu. Mutumin Sakkwato in ya gan ta, Innar Gobir, uwar 'yan bori, zai tuna. Kuma ba mu ne za mu yi mamakin a ɗauki tsohuwar alama a ba ta sabuwar ma'ana ba, tun da a daidai zamanin da ake wasan farko a Faris, Nana Asma'u 'yar Shehu ta ɗauki malfar Inna ta ɗora wa jajinta, waɗanda ke jagorantar 'yan taru zuwa neman ilimi.

A ƙarshen wasan Masilo babu afuwa: Giselle ta ɗauki bulala ta zane Albrecht har ya mutu. Ban ce ƙisasi ne na adalci ba, gama hukuncin ya zarce laifin, kuma Masilo ta rasu a ƙarshen Disambar 2024 tana da shekara 39, babu sauran damar a yi jayayya da ita. Amma ta mayar wa yarinyar abin da Gautier ya ƙwace mata, wato ikon ta ce ban yafe ba. Wanda har yau bai sami mai tsaya masa ba shi ne Hilarion, talakan da ya tono takobi ya faɗi gaskiya: an kashe shi a 1841, Masilo ma ba ta bar shi da rai ba, Khan kuwa, domin kisan ya yi daɗin kallo, sai ya fara mai da shi ɗan koren masu dukiya.