Lokaci a Matsayin Haja: Nazarin Dabarun Neman Kasuwa da Suka Farfaɗo da Kamfanin Jiragen Sama na Continental, 1994–1995

Tsakure

Wannan maƙala ta nazarci yadda kamfanin jiragen sama na Continental na ƙasar Amurka ya tashi daga asarar dala miliyan 613 a 1994 zuwa ribar dala miliyan 224 a 1995. An kwatanta dabaru biyu da kamfanin ya gwada a jere, wato karya farashi da kuma gyaran aiki. Nazarin ya nuna cewa babban abin da fasinja ke saye a hannun kamfanin jirgi shi ne isa a kan lokaci, kuma kamfanin da ya gaza a nan arhar tikiti ba ta dawo masa da kasuwa.

Gabatarwa

Kujerar jirgi haja ce da ba ta kwana. Da zarar an rufe ƙofa jirgi ya ɗaga, duk kujerar da ba kowa a kanta ta zama asara har abada, alhali kuɗin mai da albashin matuƙa da hayar jirgin ba su ragu ba. Wannan ne ke sa shugabannin kamfanin da ya shiga matsi su fara tunanin rage kuɗin tikiti domin a cika jirgi ko ta halin ƙaƙa. Tambayar da wannan bincike ya ɗora a kai ita ce: shin cika kujeru daidai yake da samun kasuwa? An zaɓi Continental ne saboda ya gwada amsoshi biyu cikin ƙasa da shekara uku, kuma sakamakon kowacce ya fito fili.

Yadda kamfanin ya kai gargara

A 1978 Amurka ta cire hannun gwamnati daga ƙayyade farashin tikiti da rabon hanyoyi, gasa ta yi zafi. Continental ya faɗa hannun Frank Lorenzo, wanda a 1983 ya kai shi kotu neman kariya daga masu bin bashi, ya kuma yi amfani da wannan dama ya soke yarjejeniyoyin ƙungiyoyin ma'aikata, ya zaftare albashi. A 1987 aka cusa wa Continental kamfanonin People Express da New York Air da Frontier, kowanne da irin jiragensa da al'adar aikinsa. A 1990 ya sake komawa kotu, bai fito ba sai 1993. Zuwa 1994, ƙididdigar Ma'aikatar Sufuri ta Amurka tana sanya shi a ƙarshen manyan kamfanoni goma wajen isa a kan lokaci da kula da kayan fasinja, shi ne kuma aka fi kai ƙararsa.

Dabara ta farko: arha

A ƙarshen 1993 kamfanin ya ƙirƙiro wani reshe mai suna Continental Lite, yana kwaikwayon kamfanin jiragen sama na Southwest: gajerun zango, tashi akai-akai, babu abinci, babu kujerun ajin farko, tikiti kuma da ɗan karen arha. Sai dai Southwest an gina shi ne tun tushe a kan wannan tsari, da jirgi samfuri ɗaya, Boeing 737, ba ya kuma dogara da manyan matattarai inda fasinjoji ke canjin jirgi. Continental kuwa ya so ya zama mai arha a wasu hanyoyi, ya ci gaba da zama cikakken kamfani a sauran. Jiragensa suka riƙa maƙalewa a cunkoson matattarai, jinkiri da soke tashi suka yawaita. Domin rage kashe kuɗi sai ya yanke la'adar dillalan tikiti, ya rage garaɓasar da yake ba fasinjojin da ke yawan tafiya da shi. A taƙaice ya ɓata wa mutanen da ke kawo masa kuɗi rai domin ya faranta wa waɗanda ba sa biyan abin da zai rufe ɗawainiyar ɗaukarsu. Michael Porter, a rubutunsa na 1996 kan ma'anar dabarar kasuwanci, ya kawo wannan a matsayin misalin kamfanin da ya yi hawan dawaki biyu. An yi asarar ɗaruruwan miliyoyin daloli kafin a rufe reshen a 1995.

Dabara ta biyu: gyaran haja

Gordon Bethune, wanda ya zo daga Boeing, ya karɓi shugabanci a ƙarshen 1994, ya yi aiki tare da Greg Brenneman. Abin da suka fara yi ragi ne. Suka gano kusan kashi 18 cikin ɗari na zirga-zirgar kamfanin ba ta ma mayar da kuɗin da ake kashe mata, suka dakatar da irin waɗannan hanyoyi, suka ajiye manyan jiragen Airbus A300, suka tattara ƙarfinsu a Houston da Newark da Cleveland. Daga nan suka juya ga fasinja ɗan kasuwa da ma'aikacin kamfani, wanda ke biyan cikakken kuɗin tikiti amma ba ya yafe a sa shi ya rasa taro. Aka maido da garaɓasar OnePass, shirin fasinjojin da ke yawan tafiya, aka maido da la'adar dillalai, manyan jami'ai suka bi manyan abokan ciniki suna ba su haƙuri.

Haƙuri kuwa ba ya tsayawa sai da aiki a bayansa, kuma a nan ne matakin da ya fi jan hankalin masu bincike ya shigo. A farkon 1995 aka yi wa ma'aikata alkawarin tukuicin dala 65 kowane mutum a duk watan da kamfanin ya shiga sahun biyar na farko a ƙididdigar gwamnati ta isa a kan lokaci. Lissafin mai sauƙi ne: jinkiri yana cin miliyoyin daloli a wata wajen kwanan fasinjoji a otal da sauya musu jirage, don haka raba wani kaso na wannan kuɗi ga ma'aikata riba ne. A watan Maris na shekarar kamfanin ya zo na ɗaya.

A ƙa'idar tattalin arziki bai kamata wannan ya yi tasiri ba, domin ma'aikaci ɗaya cikin kusan 35,000 ba zai iya motsa ƙididdigar ƙasa ba, zai kuma karɓi kuɗin ko ya yi ƙoƙari ko bai yi ba. Marc Knez da Duncan Simester sun bibiyi wannan batu a binciken da suka wallafa a 2001. Sun kwatanta filayen jiragen da ma'aikatan Continental ke gudanar da aikin ƙasa da waɗanda aka ba 'yan kwangila, waɗanda tukuicin bai shafa ba, suka ga ci gaban ya fi yawa a na farkon. Bayaninsu shi ne ma'aikatan suna aiki cikin ƙananan ayari, kowa na ganin kowa, saboda haka mai loda kaya da ya yi nawa sai abokan aikinsa su tsawata masa tun kafin shugaba ya sani. A ganina akwai abu na biyu mai nauyi kamar wannan: ma'aunin na gwamnati ne. Ma'aikatan da suka shafe shekara goma ana saɓa musu alkawari ba za su yarda da alƙaluman da shugabanninsu suka rubuta ba, amma wannan ƙididdiga ana buga ta ga kowa, kuma ita ce dillalan tikiti ke dubawa kafin su zaɓa wa abokan cinikinsu jirgi. Ma'auni ɗaya ya yi aiki a cikin gida, ya kuma zama talla a waje.

Iyakar abin da misalin ke nunawa

Bai dace a jingina dukkan ribar 1995 ga basirar shugabanni ba. A wannan shekara ce masana'antar jiragen saman Amurka baki ɗaya ta koma cin riba bayan asarar 1990 zuwa 1994, kuma dokar fatarar ƙasar ta riga ta sauke wa Continental wani nauyi na bashi. Haka nan tukuicin ya dogara ne ga hukumar da ke fitar da ƙididdigar jinkiri kowane wata, kamfani bayan kamfani, wadda ma'aikaci da fasinja duka suka amince da ita. A wata ƙasa kuma, kamfanin da ke sayar da tikiti da kuɗin gida mai faɗuwa, yana biyan hayar jirgi da kayan gyara da dala, yana iya rasa jirgin da zai tashi ma, balle a yi maganar ya tashi a kan lokaci. Irin wannan kamfani sai ya fara da matakin da Bethune da Brenneman suka fara da shi, ya rage hanyoyinsa zuwa adadin da jiragen da ke hannunsa za su iya ɗauka ko da ɗaya ya shiga gareji.