Yadda Ma'aunin Barthel Ya Shiga Harshen Koriya

Batun da zan ɗan taɓa yau ya shafi wata tambaya da ke damun kowane likita mai kula da wanda ɓarin jikinsa ya shanye, watau yaya za a san mutum yana samun sauƙi? Cewar majinyaci "da sauƙi" ba hujja ba ce, domin mu kanmu mun san ana faɗin haka ko da jiki ya tsananta.

Cikin shekara ta 1965 ne likita Florence Mahoney da Dorothea Barthel, a jihar Maryland ta Amurka, suka buga wani ma'auni mai ɗauke da ayyuka goma na yau da kullum: cin abinci, wanka, sa tufafi, kewayawa bayan gida, tashi daga keken guragu zuwa gado, hawa matakala da sauransu. Ana ba kowane aiki maki, jimla daga 0 zuwa 100. Sa'an nan a 1989 Shah da abokan aikinsa a Ostareliya suka gyara shi, suka raba kowane aiki mataki biyar, don kada ƙaramin ci gaba ya ɓace wa mai aunawa.

To, amma lalle ne mu lura da cewa ma'aunin nan ɗan gida ne, kuma gidan na Turawa ne. Yana maganar yanka abinci da wuƙa da shafa man shanu a burodi. Yana ɗauka cewa kowa a kan gado yake kwana. Mutumin Koriya kuwa da cokali da tsinkaye biyu yake cin shinkafarsa, kuma bisa al'ada a ƙasa yake zama, a ƙasa yake kwana, kan daɓen da ake ɗumamawa daga ƙarƙashi, wanda suke kira ondol. Wanda ya iya sauka daga gado ba lalle ne ya iya miƙewa daga daɓe ba. Duk wanda ya taɓa ɗaga tsoho daga tabarma ya san bambancin. Ashe ke nan fassara kalma da kalma ba ta isa ba.

A 2007 ne Jung Han-young da wasu likitocin farfaɗo da gaɓoɓi daga asibitocin jami'o'i daban-daban suka fitar da na harshen Koriya, wanda ake kira K-MBI. Abin da suka nema su tabbatar shi ne, in masu aunawa da yawa suka duba majinyaci guda, makinsu zai zo ɗaya ko kusa, kuma makin yana nuna ainihin halin mutumin.

Ma'aikatan gwamnati da ke cikinmu za su gane nauyin abin, gama hukumomin Koriya ta Kudu suna duba wannan maki wajen tantance naƙasar da ta samo asali daga ƙwaƙwalwa, taimakon da mutum zai samu kuwa yana rataye da wannan tantancewa. A ƙarshen 2024 'yan shekara 65 zuwa sama suka kai kashi 20 cikin ɗari na mutanen ƙasar.

Mu ma an soma irin wannan aiki: a 2014 aka buga binciken da ya gwada fassarar Hausa ta wani ma'aunin daban, Stroke Impact Scale, a kan majinyata a Kano. A ganina, ranar da za a zauna kan na Barthel, sai an yanke shawara inda za a sa alwala da cin tuwo da hannun dama.