Daga Illo Zuwa Gwanja: Lokacin da Tufafinmu Ke Cin Kasuwa

Yau shirin namu a Bagudo ya yada zango, nan jihar Kebbi, bakin iyakarmu da Jamhuriyar Benin.

Idan aka ambaci Tsamiya ko Lolo, abin da ke fara zuwa ran matashi shi ne shinkafa, gwanjo da 'yan kwastan. To amma a ƙarni na 19, garin Illo da ke cikin wannan ƙaramar hukuma babban zango ne na fataken goro. Ayari kan taso daga Kano ko Sakkwato, ya ratsa kasuwar Jega, ya haye Kwara ta wajen Illo, ya keta ƙasar Bargu, ya bi ta Djougou har Salaga a ƙasar Gwanja, cikin Ghana ta yau. Tafiya ce ta watanni, madugu ne shugaba, jagaba na nuna hanya.

Me suke ɗauke da shi a kan jakunan nan? Akwai kanwa da kayan fata, amma tufafi ne kan gaba: saƙi, turkuɗi mai sheƙi, da manyan riguna masu aikin aska. Riga ɗaya sai ta bi ta hannun mai kaɗi, masaƙi, marini, mabugi da maɗinki kafin ta isa kasuwa. Ka ga abincin gida biyar ke nan. Bajamushen nan Heinrich Barth da ya zo Kano a 1851 ya rubuta yadda tufafin Kano ke kaiwa har Timbuktu.

To me ya faru? A 1898 Ingila da Faransa suka raba Bargu gida biyu, Illo ta faɗo ɓangaren Ingila, Nikki ta tafi na Faransa. A 1911 layin dogo ya iso Kano, goro ya koma bin teku zuwa Legas, daga can ya hau jirgin ƙasa. Hanyar jakuna ta mutu. Daga baya aka kafa masaƙun zamani, irin Kaduna Textiles a 1957, su ma suka durƙushe a farkon shekarun 2000 saboda rashin wuta da kwararowar atamfa mai araha, wadda da yawa ta tashar Kwatano take saukowa. Iyakar da a da kayanmu ke fita ta cikinta, yanzu kayan wasu ke shigowa. Ko rufe boda da aka yi a 2019 bai tayar da masaƙi ko ɗaya a ƙauyukanmu ba.

Ga inda zancen ya shafe mu. Ba za mu iya gasar araha da Chaina ba, wannan gaskiya ce. Amma injinsu bai san hannun kakanninmu ba. Tsallaken Tsamiya kaɗan, yankin Segbana da Kandi, ƙasar auduga ce. Baba na tsiro a dajinmu. Abin da ya rage shi ne mai zane, wanda zai mayar da saƙi jaka, labule ko rigar kujera. Kafinta ya ɗauki fasalin kujerar tsakar gida da masassaƙa ke yi ya shigar da shi falon zamani. 'Yar uwa mai haɗa turaren wuta da humra ta auna haɗinta, ta rubuta shi, ta sa masa suna da kwalba mai kyau.

Sai dai fa lokaci ba ya jira. Masu wannan ilimi sun tsufa, kuma a ka suka riƙe shi. Ɗan uwa, kai da ka gama digiri kake zaune, nemi tsohon masaƙi ko marini a garinku. Gaishe shi da ladabi, ka ce: “Baba, koyo na zo yi.” Ɗauki bidiyo da izininsa, ka biya shi haƙƙinsa, in ka sayar ka ambaci sunansa. Da tsohuwar zuma ake magani.

Wace sana'ar hannu ce ta rage a garinku? Ku faɗa mana a ƙasa. Sai shiri na gaba.