Anini da Kan Sarki: Tarihin da Ke Kwance a Tiren 'Yan Koli

Duk wanda ya saba ratsa layin 'yan koli da 'yan gwangwan a kasuwar Keffi, wataƙila ya taɓa cin karo da wata 'yar kwandala mai huji a tsakiya, ta yi baƙi, an watsa ta cikin tsofaffin makullai. Yaran yanzu wuce ta suke yi. To, anini ke nan, wanda har gobe muke cewa "ko anini ba ni da shi".

Kakanninmu fatake da wuri suka yi ciniki, shi ya sa har yau jam'in wuri, wato kuɗi, ya zauna a bakinmu. A 1902 Magajin Keffi Ɗan Yamusa ya kashe Kyaftin Maloni, ya nufi Kano. Shekara biyar bayan haka, a 1907, Turawa suka fito da anini da kobo, masu huji da tauraro mai tsini shida da rubutun Larabci, ana shirya su a zare. A 1913 sule na azurfa mai hoton bishiyar kwakwa ya shigo, tare da taro da sisi da dala. Da su aka karɓi haraji, da su aka biya sadakin iyayenmu mata. Kuɗin Tarayyar Najeriya suka gaje su a 1959, naira kuma ta zo a 1973.

Akwai wanda ya kamata mu sa wa ido: kobo ko anini na 1936 mai sunan Edward na Takwas. Bai cika shekara a gadon sarautar Ingila ba ya yi murabus, ƙasashe kaɗan ne suka kashe kuɗi da sunansa, tamu tana ciki.

Haka kan sarki. Na farko da aka buga wa Jihar Arewa a 1900 ma kan sarauniya ne, Biktoriya. Daga haɗewar 1914 aka daina buga sunan Arewa ita kaɗai. Saboda haka duk ambulan da ke ɗauke da shi ya haura shekara ɗari.

Gaskiya, yawancinsu ba za su sayi ko buhun masara ba, don an buga su da yawa. Amma abin takaici, dattijo na rasuwa sai a zazzage adakarsa, ƙarfe a auna wa mai jari-bola, azurfa maƙeri ya narke ta zobe, takardu a hura wuta.

Jama'a, idan mun samu, kada mu dirje su da toka ko lemun tsami, gogewa rage musu daraja take yi. Kada mu ɓamɓare kan sarki daga ambulan, hatimin gidan waya ne ke faɗin gari da rana. Mu tambayi tsofaffinmu abin da taro ke saye a zamaninsu, mu rubuta, tun suna raye.