Tarihin Labaran Shiga Duniyar Ɓoye a Arewacin Zazzau

Labarin yaro ko yarinya da ya bar duniyar mutane ya faɗa wata duniya da ke maƙwabtaka da ita, ya ga abin al'ajabi, sannan ya komo gida, daɗaɗɗen abu ne a adabin Hausa. A arewacin ƙasar Zazzau, yankin da a yau ya ƙunshi ƙananan hukumomin Ikara da Maƙarfi da Kudan, wannan labari ya bi ta hannun mutane iri huɗu: tsofaffin mata masu tatsuniya, 'yan bori, malamai masu hikaya, da marubutan boko waɗanda aka buga littattafansu a Zariya. Kowane rukuni ya sauya ƙofar shiga da sunan inda ake zuwa, amma tafiyar ta ci gaba da zama gwajin halin matafiyi.

Yankin yana tsakanin Zariya da Kano, a kan tsohuwar hanyar fatake. Garuruwa irin su Paki da Likoro da Kudan da Hunkuyi sun daɗe suna karɓar baƙi, kuma layin dogo da ya isa Kano a 1911 ya ratsa ta Likoro da Gimi. Ƙasa ce ta noman dawa da auduga da rake, mai fadamu da ƙoramu, inda Hausawa Musulmi da Fulani da Maguzawa suke zaune kusa da juna. Saboda haka labaran da ake bayarwa a nan na ƙasar Hausa ne baki ɗaya, sai dai wurin ya tara tsohuwar al'ada da ilimin malamai a kasuwa guda, ga kuma maɗaba'ar Zariya a kusa.

Mafarin al'adar shi ne tatsuniya. Lokacinta dare ne, bayan cin tuwo, musamman da kaka da rani in aikin gona ya yi sauƙi, kuma ana hana yara yin ta da rana. Yawanci kaka ko goggo ce mai bayarwa, tana kaɗin auduga yara na kewaye da ita a ɗaki ko a tsakar gida. Da ta ce "Ga ta nan, ga ta nanku" aka amsa mata, an shiga duniyar da dabba ke magana, Gizo ke zuwa fada, Dodo ke neman aure. In ta rufe da "Ƙurungus", an dawo. Mabuɗin da marufin su ke nuna wa yaro iyakar ƙirƙira da gaskiya.

Fitacciyar tatsuniyar irin wannan tafiya ita ce ta Ruwan Bagaja. 'Yar mowa ta ɓata shimfiɗa, aka ɗora wa 'yar bora laifin, aka tura ta wanko ta a wani ruwa da ba wanda ya san inda yake. A hanya ta riski koguna na abinci da abin sha, kowanne ya yi mata tayi, ta ƙi taɓawa. A yawancin ruwayoyi ta sauka a wani ɗaki inda ta tarar da cinya da kare, karen na fassara mata abin da cinyar ke nufi. Aka ba ta ƙwayar hatsi ɗaya ta dafa, ba ta yi musu ba, tukunya ta cika. Da za ta tafi aka ce ta zaɓi ƙwai, ta ɗauki ƙarami, ta fasa shi inda aka umarce ta, sai dukiya da dawaki suka fito. 'Yar mowa ta bi sawunta da kwaɗayi da rashin kunya, ta zaɓi babban ƙwai, ta komo gari da abin kunya.

Daga wannan da makamantanta ana iya fitar da dokokin duniyar ɓoye ta tatsuniya. Ƙofarta ba ta da nisa da gida: kogi, rijiya, kogon kuka, suri ko ƙungurmin daji. Mai shiga yawanci shi ne wanda aka raina, wato maraya ko auta ko 'yar bora. Abin da ke can juyayye ne, don haka ba ƙarfi ko wayo ke fid da mutum ba, sai gaisuwa da haƙuri da kame baki daga abin da ido ya gani. Kuma dole a dawo, domin a gaban dangi ake bayyana sakamako.

Tatsuniya ba ta ƙirƙiri waɗannan ƙofofi daga banza ba. A tsohon imanin Bahaushe, iskoki na zaune a tsamiya da kuka da suri da juji da gulbi, shi ya sa ake hana yara yawo da tsakar rana ko da almuru, kuma ake tsoratar da su da 'yan ruwa. 'Yan bori sun ba wannan duniya tsari cikakke. Suna cewa iskoki na da birni mai suna Jangare, da sarki da fadawa da malamai da maharba da makafi da kutare, tamkar kowane birnin Hausa. Cikin mazaunansa akwai Sarkin Aljan Sulemanu, Ɗan Galadima, Sarkin Rafi, Malam Alhaji, Kuturu da Inna. A. J. N. Tremearne ya rubuta labarin birnin a 1914, Joseph Greenberg ya yi bayanin iskokin Maguzawan Kano a 1946, Fremont Besmer kuma ya lissafa gidaje 12 na Jangare a littafinsa na 1983. Baba ta Karo, wadda ta ba Mary Smith tarihin rayuwarta a Giwa, maƙwabciyar Kudan, tsakanin 1949 da 1950, ta bayyana yadda bori ya ratsa rayuwar matan karkarar Zazzau. Bambanci ɗaya ne babba: a bori iskoki ne ke zuwa wa mutane, a tatsuniya kuwa mutum ne ke zuwa musu.

Musulunci ya kawo wani ma'auni. Alƙur'ani ya tabbatar da samuwar aljannu, akwai sura sukutum da sunansu, ya kuma ba da ƙissar Annabi Sulaiman da ta Ashabul Kahfi, samarin da suka yi barci shekara 309 suka farka a wani zamani. Jihadin da Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya fara a 1804 ya kai Zazzau a 1808 ƙarƙashin Malam Musa, kuma malamai suka ƙara matsa wa bori. Labaran ba su mutu ba, sun sake tufafi ne. Malamai da alhazai da fatake suka shigo da hikayoyin Larabci masu ambaton Dutsen Ƙaf da zoben sihiri da tsuntsu mai ɗaukar mutum, kuma addu'a ta zama makamin matafiyi. A al'ada ana bambanta ƙissa, wadda gaskiya ce, da hikaya da tatsuniya, waɗanda ake saurara don darasi da nishaɗi.

Rubuta tatsuniyoyi da boko ya fara ne da Turawa. J. F. Schön ya buga Magana Hausa a 1885. Frank Edgar ya sa malamai sun rubuta masa ɗaruruwan labarai da ajami, ya fitar da Litafi na Tatsuniyoyi na Hausa juzu'i uku tsakanin 1911 da 1913, daga baya kuma fassarar Dare Dubu da Ɗaya ta fito ta hannunsa.

Babban sauyi ya auku a Zariya. A 1933 Hukumar Talifi, ƙarƙashin Rupert East, ta shirya gasar ƙagaggun labarai, kuma biyu daga littattafai biyar da suka fito daga gare ta tafiya ce zuwa duniyar ɓoye. Abubakar Imam ya ari sunan Ruwan Bagaja daga tatsuniya, amma ya maye 'yar bora da Alhaji Imam, baligi mai wayo da barkwanci, wanda ya fita neman ruwan magani har ya kai ƙasar aljannu. Yayansa Bello Kagara ya rubuta Ganɗoki, jarumin da ya yaƙi Turawa, ya nausa gabas ya gwabza da aljannu, ya dawo ya tarar da ƙasarsa ta sake kama. A nan ladabin yarinya ya ja baya, wayo da jarumtar namiji suka shigo gaba. Magana Jari Ce, wanda ya fara fitowa a 1937, ya mayar da yaro tsakiyar fage: ɗan sarki ne ke sauraro, aku na ba shi labari.

Kamfanin Gaskiya, wanda aka kafa a Zariya a 1945, da hukumar NORLA ta shekarun 1950, da kamfanin NNPC na 1966, sun ci gaba da wannan layi. Ahmadu Ingawa ya fitar da Iliya Ɗan Maiƙarfi a 1951. A 1969, shekarar da Amurka ta sauke mutum a duniyar wata, Umaru Dembo ya fitar da Tauraruwa Mai Wutsiya, labarin yaro Kilba da wani baƙo daga sama mai suna Kolin Koliyo ya ɗauka zuwa sararin samaniya. Shi ne littafin Hausa na wancan zamani da ya fi kusa da abin da ake rubuta wa matasa a Turai: jarumin yaro ne, abin hawan kuma na kimiyya ne. A farkon shekarun 1970 Ibrahim Yaro Yahaya ya tattara Tatsuniyoyi da Wasanni littafi shida domin makarantu.

Shirin ilimin firamare kyauta na 1976, shekarar da aka kafa ƙaramar hukumar Ikara, ya kai waɗannan littattafai ƙauyuka da yawa na yankin. Yaron da ya ji 'yar bora daga bakin kakarsa da dare sai ya same ta a aji da safe. Daga tsakiyar shekarun 1980 adabin kasuwar Kano ya bunƙasa, kuma ban da littattafan soyayya ya haifar da na yaƙi da matsafa da aljannu, irin na Abdul'aziz Sani Madakin Gini da Nazir Adam Salih, waɗanda samari suka riƙa karɓa haya. Masu fim ɗin Hausa ma sun ɗauki tatsuniyar Daskin-da-Riɗi suka mayar da ita fim. Rediyo da talabijin da wayar hannu sun rage zaman tatsuniyar dare, yawancin labaran yanzu a waya ake karanta su ko a saurare su.

Wannan jigo ba na Hausawa kaɗai ba ne. A Ingila Lewis Carroll ya tura Alice cikin ramin zomo a 1865, C. S. Lewis kuma ya shigar da yara huɗu ƙasar Narnia ta cikin kabad ɗin tufafi a 1950. A ƙasar Yarbawa Amos Tutuola ya ba da labarin yaro ɗan shekara 7 da ya ɓata a dajin fatalwa, a littafinsa na 1954. Abin da ya bambanta na Hausa shi ne duniyar ɓoye ba ta zama mafakar gudun gida ba, wurin jarraba tarbiyya ce, kuma matafiyi na komowa ga danginsa. Tun da labarin ya koma takarda, manyan maza ne suka fi yin tafiyar. Yara da 'yan mata, waɗanda su ne jaruman tatsuniya, har yanzu ba su da yawa a matsayin jarumai cikin ƙagaggun littattafan Hausa na wannan fanni.