Gani Ya Kori Ji? Daga Hoton Burmi Zuwa Wayar Hannun Ɗan Katuru

Gabatarwa

A shekarar 1839 aka shelanta wa duniya a birnin Paris cewa wani Bafaranshe mai suna Louis Daguerre ya gano dabarar kama surar abu a kan farantin ƙarfe ta hanyar amfani da haske. A lokacin, Sarkin Musulmi Abubakar Atiku, ɗan Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, bai wuce shekara biyu a kan karagar Sakkwato ba. A 1842, yana dawowa daga yaƙin Tsibiri, rai ya yi halinsa a garinmu Katuru, a nan kuma aka yi masa sutura, abin da ya sa tarihi ke kiransa Atiku Mai Katuru. Na'urar Daguerre ba ta riske shi ba. Duk abin da muka sani game da kamanninsa da halayensa, ji muka yi daga bakin magabata da alƙaluman malamai.

Jikansa kuwa, Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya, na'urar ta riske shi, amma yana gawa. Tsakanin kakan da ba a ɗauka ba da jikan da aka ɗauka akwai darasin da ya shafi duk wani matashi mai riƙe da waya a yau. Bahaushe ya ce gani ya kori ji. Abin da tarihin hoto a ƙasarmu ke nunawa shi ne, ganin ma wani ne yake zaɓar mana shi, kuma tun kafin zuwan kwamfuta ake sa masa hannu.

Hoton Burmi

Bayan Turawan Ingila sun ci Sakkwato a ranar 15 ga Maris, 1903, Attahiru ɗan Ahmadu ɗan Atiku ya zaɓi hijira a kan zama ƙarƙashin Nasara. Ya nufi gabas, dubban talakawa da malamai suka bar gonaki da gidaje suka bi shi. Wannan kwararar jama'a ta tsorata Turawa fiye da kowace runduna. A ranar 27 ga Yuli, 1903, suka rutsa shi a Burmi, cikin Jihar Gwambe ta yanzu, ya yi shahada tare da ɗaruruwan mabiyansa.

Masana tarihi sun rubuta cewa bayan yaƙin an sare kansa, aka ɗauki hoto, aka kuma rinƙa nuna hoton a sassan Arewa. Manufar a bayyane take. Jama'a na iya ƙaryata labarin da ɗan aike ya kawo, su ce Sarkin Musulmi yana raye a wani wuri, amma da wuya su ƙaryata abin da idonsu ya gani. Ke nan ɗaya daga cikin hotunan farko da aka yaɗa da gangan a ƙasar Hausa, hoton gawa ne, an zaɓe shi ne domin a karya zukatan masu rai. Ba a ƙara masa komai ba, ba a rage ba. Zaɓen shi kaɗai ya isa makami.

Duk da haka hijirar ba ta mutu a Burmi ba. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da tafiya da sauran jama'a har Sudan, inda suka kafa garin Mai Wurno a bakin kogin Nilu Shuɗi, zuriyarsu na can har gobe. Na'urar da ta ɗauki gawar uban ba ta bi sawun ɗan ba, domin mai riƙe da ita ba ya buƙatar wannan labari.

Haka lamarin ya ci gaba a zamanin mulkin mallaka. Mafi yawan hotunan Arewa da aka buga a katunan gidan waya da littattafan Turawa, na sarakuna ne bisa dawakai, da ganuwar Kano, da marina, har zuwa gagarumin hawan daba da aka yi wa Sarauniya Elizabeth a Kaduna a 1956. Layin dogo ya iso Ƙaura Namoda a 1929 domin kwasar gyaɗa da auduga, amma fuskokin manoman Zurmi da Shinkafi da suka noma su, da jakunan da suka yi dakonsu, kaɗan ne suka shiga kundi. Mai kyamara yana ɗaukar abin da zai burge na gida ne, ko abin da zai halatta zamansa a ƙasar wasu.

Zamanin Mai Hoto

Da tafiya ta yi tafiya, na'urar ta faɗo hannun 'yan ƙasa. A kudancin Nijeriya, Jonathan Adagogo Green na Bonny ya ɗauki Oba Ovonramwen na Benin a 1897 a cikin jirgin ruwan da ya tafi da shi gudun hijira. A Bamako, Seydou Keïta da Malick Sidibé sun yi suna, haka ma Philippe Koudjina a Yamai. A Zariya, jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo da ta fara fitowa a 1939 ta saba wa mai karatun Hausa da ganin labari haɗe da hoto.

A yankinmu, iyayenmu suna ba da labarin yadda mutum kan yi shiri na musamman, ya yi wanka ya sa rigar Sallah, ya tafi Shinkafi ko Ƙaura ko Gusau wurin mai hoto. Fim ɗaya ba ya wuce ɗauka 36, kuma kowace ɗauka kuɗi ce, sai a jira kwanaki kafin a wanko. Tsadar nan ta koya wa mutane zaɓi. Hoton da ya fito yakan shiga albam ko ƙasan akwati, ba ya fita sai ga baƙon da aka yarda da shi. Hoton budurwa kuwa amana ce, wanda aka ba shi ya san nauyin da ya ɗauka.

Gyaran hoto ma a wannan zamanin yana nan. Mai hoto yakan bi fim da fensir mai tsini ya ɓatar da ƙuraje, ya tsawaita ko ya taƙaita hasken da ke sauka a kan takarda a ɗakin wanki, wani lokaci ya shafa launi da hannu. Labulen da ke bayan mutum, mai zanen bene ko jirgin sama, shi ma wani nau'in gyara ne. Sai dai kowa ya san labule ne, don haka ba a yaudari kowa ba. Masu mulki ne suka kai gyaran ga matakin ƙarya. A Tarayyar Sobiyat, bayan an kashe Nikolai Yezhov a 1940, an goge shi daga hoton da yake tsaye kusa da Stalin, aka cike gurbinsa da ruwa, tamkar ba a taɓa haihuwarsa ba.

Daga Ɗakin Wanki Zuwa Tafin Hannu

A 1975 wani injiniyan kamfanin Kodak, Steve Sasson, ya ƙera kyamarar da ba ta buƙatar fim. A 1990 manhajar Photoshop, wadda 'yan'uwa biyu Thomas da John Knoll suka ƙirƙira, ta shiga kasuwa. Wayar salula ta iso Nijeriya a 2001, Facebook ya zo a 2004, WhatsApp a 2009. A 2012 Kodak ɗin da kansa ya durƙushe. Cikin ƙasa da shekara 40, aikin da yake buƙatar ɗaki mai duhu da sinadarai da ƙwarewar shekaru ya dawo aikin babban yatsa.

Ni a jami'a na koyi gyaran hoto, na fara da Snapseed a waya kafin na kai ga Photoshop a kwamfuta. Abin da koyon ya fahimtar da ni shi ne, aikin hawa uku ne. Hawa na farko gyara ne: daidaita haske da duhu, miƙar da hoton da ya karkace, mayar da launin da ƙurar hunturu ta dusashe. Wannan yana kusantar da hoto ga abin da ido ya gani ne. Hawa na biyu kwalliya ce: goge tabo, sauya bango, sassauta fata. Ga hoton biki ko kalandar aure, jikan labulen mai hoto ne, ko da yake yawan haskaka fatar da ya zama yayi ya cancanci mu tambayi kanmu me muke gudu a launin da Allah Ya ba mu. Hawa na uku shi ne ƙarya: ƙara abin da babu, ko cire abin da akwai, a hoton da aka gabatar a matsayin shaida.

Manyan kafofi ma sun yi tuntuɓe a nan. A 1982 mujallar National Geographic ta matso da dalar Giza ta Masar kusa da 'yar'uwarta domin hoton ya dace da bangon mujalla, ta kuma sha suka. A 2006 kamfanin dillancin labarai na Reuters ya sallami Adnan Hajj, ya janye hotunansa, saboda ya ƙara hayaƙi a hoton birnin Beirut bayan harin Isra'ila. Harin gaskiya ne, hayaƙin ma akwai shi, amma ƙarin da ya yi ya ba masu musu kafar da za su ƙaryata har da gaskiyar.

Akwai kuma ƙaryar da ba ta buƙatar wata manhaja. Datse gefen hoto kawai na iya mayar da taron mutum 50 ya zama kamar gangami. Rubutun da aka ɗora a ƙasa na iya ɗauke hoto daga ƙasa zuwa ƙasa. A 2014, lokacin fafutikar ceto 'yan matan Chibok, hotunan da suka fi zagaya duniya har da na wasu 'yan mata na Gini Bisau da Ami Vitale ta ɗauka, waɗanda ba su da alaƙa da Borno. Binciken BBC ya gano cewa wani bidiyon kisa da aka yaɗa a Facebook a watan Yunin 2018, lokacin rikicin Filato, an ɗauke shi ne a Kongo Brazzaville tun 2012, kuma irin waɗannan hotuna sun taimaka wajen hura wutar da ta ci rayukan matafiya a kan hanya.

Abin Da Ke Gabanmu a Zamfara

Mu mutanen Shinkafi da Zurmi da Ƙaura Namoda mun fi kowa sanin nauyin wannan magana. Shekaru ke nan muna fama da 'yan bindiga, har ta kai ga an katse layukan waya a faɗin jihar a watan Satumbar 2021. Duk lokacin da aka kai hari, kafin a gama haƙa kabari hotunan gawarwaki sun cika zaurukan WhatsApp. Akwai matan da suka fara sanin mutuwar mazajensu ta wayar maƙwabta. Su kansu 'yan bindigar sun fahimci darajar hoto, suna baje makamai da kuɗin fansa a TikTok. Abin da suke so shi ne abin da Turawa suka so a Burmi, wato ƙauyen da ba su kai gare shi ba ya ji tsoro kamar sun kai. Turawa sai da suka ɗauki ɗawainiyar yawo da hotonsu. Su kuwa waɗannan, mu ne muke yi musu dakon, da kuɗin datarmu.

Wani zai ce, idan muka ɓoye, wa zai san halin da muke ciki? Wannan tambaya tana da ƙarfi, domin sau da yawa hoto ne ke hana hukuma musanta abin da ya faru. Tarihi ma ya goyi bayanta. A 1955, a Jihar Mississippi ta Amurka, wasu farar fata sun kashe wani yaro baƙar fata ɗan shekara 14, Emmett Till. Mahaifiyarsa, Mamie Till, ta ce a bar akwatin gawar a buɗe, mujallar Jet ta buga hoton, ya kuma zama cikin abubuwan da suka zaburar da gwagwarmayar 'yancin baƙar fata. Hoton Burmi da na Till duk na gawa ne. Bambancinsu yana ga wanda ya yi zaɓin da abin da ya nufa. Na farko maƙiyi ne ya zaɓa domin ya wulaƙanta. Na biyu uwa ce ta zaɓa domin ta nemi haƙƙi.

Saboda haka, kafin yatsa ya taɓa alamar turawa, akwai tambayoyi huɗu da nake ganin sun wajaba. Na tabbata daga ina hoton ya fito da ranar da aka ɗauke shi? Google Lens da TinEye suna iya nuna inda hoto ya taɓa fitowa cikin ɗan lokaci. Masu haƙƙi a kansa sun yarda? Wa zai amfana da tsoron da zai haifar? Akwai wanda zai shiga haɗari, kamar wadda aka sako daga daji ko wanda ya ba da bayani? A nan gyaran hoto yake zama aikin alheri, domin dabarar da ake goge ƙuraje da ita, da ita ake lulluɓe fuskar yaro, a datse abin da zai tona asirin gida. Rumbun da aka ƙone da makarantar da ta zama kango suna ba da shaida ba tare da an yaye wa mamaci suturar da addini da al'ada suka ba shi ba. Ainihin hoton kuwa, wanda ba a taɓa ba, a adana shi da kwanan wata da sunan wuri domin 'yan jarida da kotu da masu bincike.

Kammalawa

Hotunan da muke turawa a yau su ne kundin da jikokinmu za su buɗe. Duk wanda ya rubuta Shinkafi ko Zurmi a intanet, abin da zai fara gani bindiga ce da makara. Wannan gaskiya ne, amma guntun gaskiya ne, kamar yadda dawakin hawan daba suka kasance guntun gaskiyar zamanin Turawa. Kasuwar Shinkafi tana ci, ana dashen albasa a fadama, ana saukar Alƙur'ani, malamai na koyarwa a ajin da ba rufi, maƙwabta na raba tuwo da 'yan gudun hijira. Waɗannan ma suna buƙatar mai ɗauka da mai gyara haskensu da mai rubuta musu kwanan wata. A 1903 wasu ne suka zaɓa mana abin da za mu gani game da kanmu. Yau kyamarar tana aljihunmu, kuma idan kundin ya sake fitowa a karkace, babu Baturen da za mu ɗora wa laifi.