Jinkirin amsa a tsarin wakilan ƙirƙirarriyar basira

Jinkirin amsa shi ne tazarar lokaci tsakanin aika buƙata da samun sakamako a tsarin da manhajojin ƙirƙirarriyar basira da dama, waɗanda ake kira wakilai, ke aiki tare. Yakan ƙaru idan dole kowane wakili ya jira na gabansa ya gama, ko saƙonnin da suke musaya suka yi tsawo.

Ana rage shi ta gudanar da ayyukan da ba su dogara da juna ba a lokaci guda, da adana amsoshin baya don sake amfani da su, da miƙa ƙananan ayyuka ga manhajoji masu sauri. A Afrilun 2025 kamfanin Google ya fitar da ƙa'idar A2A don daidaita sadarwa tsakanin wakilai.